Faɗuwa da Ido Buɗe

Tun ranar da tsani ya zame da Dogo daga saman bene, sana'ar fenti ta kuɓuce masa. Ƙugun da ya karye ya ɗinke, sai ɗan ɗingishin da ba kowa ke lura da shi ba. Kan ne ya ƙi yarda. Da zarar ya taka tsani ya ɗan yi sama, sai duniya ta hau juya masa, gumi ya keto, ya sauko yana laluben bango. Likita bai yi masa ɓoye-ɓoye ba, ya ce ya nemi aikin da ake yi a ƙasa. To wane mai gini ne zai ɗauki mai fentin da ba ya hawa sama? Bango ai ba a kafaɗar mutum yake ƙarewa ba.

Ya nemi gadi, aka ce an riga an ɗauka. Ya gwada dako, ƙugu ya ce bai san zancen ba. Keken ɗinkin matarsa shi kaɗai ke jan gidan, tun safe yake kuka har yamma, kuma duk kukan da ya yi sai Dogo ya ji kamar da shi ake. Ba ta taɓa yi masa gori ba, ko a fuska. Wannan haƙurin nata ya fi gorin ci masa rai.

Sai kuma Auta, ƙaramar 'yarsu. Ranar da ya faɗo tana wurin, ta raka uwarta kai masa abincin rana. Da can shi ne abin dariyarta: ya kwaikwayi tafiyar agwagwa, ya yi faɗa da hularsa, ta yi ta ƙyalƙyala har ta shaƙe. Tun daga ranar dariyar ta ɗauke. In zai taka matakalar ƙofar gida sai ta riƙe masa ƙafar wando. Ko tuntuɓe ya yi, sai ta ƙwala ihu.

Ƙanin matarsa ne ya zo da maganar. Kowa Direba yake ce masa, don shi ke jan motar wani ɗan kamfani mai ba da hayar kujeru da rumfuna da balan-balan a shagalin yara.

"Yaya, Baba Tumatir na neman mutum."

"Wane ne kuma Tumatir?"

"Ɗan barkwancinmu. Mai jan hanci da ƙaton takalmi, wanda ke ba yara dariya. Gwiwoyinsa sun gama aiki, yana neman wanda zai gaje shi. Na ce masa ina da suruki dogo kamar sandar lantarki, ko tsayuwa ya yi sai an yi dariya."

"Na gode da yabo," in ji Dogo. "Ni da furfurata ta fara leƙowa, in shafa hoda in je ina tsalle a gaban 'ya'yan mutane?"

Matarsa ba ta ko ɗago kai daga keke ba ta ce, "Baban Auta, tun kafin aurenmu kake ba mutane dariya kyauta. Yau an ce za a biya ka, sai kuma girma ya tashi?"

Washegari ya je.

Ɗakin Baba Tumatir yana saman shagon masu faci, ana hawa ana shaƙar warin taya. Madubi ne babba da ya tsage a gefe, hulunan gashi masu launi-launi rataye a ƙusoshi, da takalman da jariri zai iya barci a ciki. Shi kuwa mai ɗakin gajere ne mai tumbi, fuska a murtuke kamar wanda aka tasa daga barci. In ba faɗa maka aka yi ba, ba za ka ce wannan tsohon ya taɓa ba wani dariya ba.

"Yi tafiya in gani," in ji shi. Dogo ya yi. "Ɗauki kujerar nan kamar ta fi ƙarfinka. To, yanzu ka ajiye ta kamar tana cizo." Dogo ya yi. Tsohon bai yi murmushi ba, amma ya daina kaɗa ƙafa. Ya tura masa gwangwanin farar hoda da ɗan burushi, ya ce ya zana wa kansa fuska. Nan fa aka zo fagen Dogo. Ya ja layin gira sumul, ya zagaye baki ba tare da hannu ya yi rawa ba, Baba Tumatir ya matso yana dubawa har numfashinsa na taɓa madubi.

"Hannu dai akwai shi. Ka iya faɗuwa?"

"Baba, ai ita ta kawo ni nan."

Aka shiga koyo. Ya koyi murɗa balan-balan ta zama kare, bayan ya fasa abin da ya fasa har masu faci suka leƙo suna tambaya ko lafiya. Ya koyi tafiya da takalmin da ya ninka ƙafarsa. Ya koyi cewa ba a tunkarar yaro, durƙusawa ake a jira ya zo da kansa, kuma ba a cire hanci a gaban yara ko da atishawa ce ta zo. Wasan da tsohon ya shirya masa mai sauƙi ne: ya shigo da bokiti cike da yagaggun takardu yana yi kamar ruwa ne, ya yi ta tangaɗi yara na ihu, a ƙarshe ya taka igiyar takalminsa ya faɗi, takardu su zubo masa a ka. Faɗuwar ce kan wasan. A ɗaki kan tsohuwar katifa suka gwada ta, tsohon na zaune ta bayansa yana gyara masa ƙafa, ya ce ba laifi.

Gwajin farko a tsakar gidan wasu mutane aka yi shi, ranar zagayowar haihuwar ɗansu. Komai ya tafi daidai. Yara suka yi ta bin sa, kare ya fito daga balan-balan, wata yarinya ta ja masa hula ya yi kamar zai yi kuka. Dogo ya ji wani daɗi da ya manta da irinsa. Sai ya ɗauko bokiti, ya yi tangaɗi, ya taka igiya, ya tafi ƙasa.

Tsit. Ko tari babu.

Bai san abin da jikinsa ya yi ba. Ya dunƙule, ya kare kai da hannuwa, ya runtse ido, ya kwanta shiru kamar yadda ya kwanta a gindin tsani. Wani ɗan ƙarami ya fara, na kusa da shi ya karɓa, kafin ka ce me tsakar gida ta kaure da kuka. Uwar mai shagali ta rugo tana cewa a kawo ruwa. Shi kansa mai shagalin ya shige ƙarƙashin tebur ya ƙi fitowa ko don kek. Baba Tumatir ne, cikin kayan gida, da gwiwoyinsa marasa lafiya, ya shiga tsakiya da usur da ragowar balan-balan ya kwashe abin da zai kwasu.

A bayan mota, tsakanin kujerun da aka jera, tsohon ya zauna yana murza gwiwoyinsa, babu faɗa babu zagi. Dogo ya gwammace a zage shi.

"Laifina ne," in ji tsohon daga baya. "Ta baya nake kallonka, ban taɓa duba fuskarka ba. Kai wannan ai ba faɗuwar wasa ba ce, faɗuwar asibiti ce. Saurara, ɗana. In ka tafi ƙasa, yaro ba jikinka yake kallo ba, idonka yake nema. In ya same shi a buɗe yana kallonsa, ya san wasa ne, sai ya saki dariya. In ya tarar ka rufe, to a wurinsa ka mutu. Tun kana iska idonka na kansu, ka dira yana kansu. Sana'ar ke nan gaba ɗaya, sauran duk ado ne."

"Zan gyara, Baba."

"Akwai shagalin rufe zango a makarantar ƙananan yara. Mai makarantar ita ce babbar mai kiranmu. In ka sa mata yara kuka, ba zan iya riƙe ka ba, akwai wani saurayi da ke ta yi mini zarya. Ba mugunta ba ce."

Dogo ya san ba mugunta ba ce. Ya kuma san in wannan ta kuɓuce, babu wata ƙofar da ya rage bai ƙwanƙwasa ba.

Ya sauko da katifarsu ƙasa, ya riƙa jira sai Auta ta tafi makaranta. Matarsa ta juyo da keke ta fuskance shi, tana ɗinki tana yi masa alƙalanci. Ya faɗi. "Ka rufe." Ya tashi ya sake. "Ka rufe, Baban Auta." Ya rantse bai rufe ba, ta ce to ita makauniya ce. Ya gwada kafa wa agogon bango ido, ya gwada ƙusa, ya gwada zagin kansa. Da ƙafa ta bar ƙasa sai idon ya rufe kansa, ba ya ko neman izini. Wani abin haushi, mutum ya iya murɗa kare daga iska amma fatar idonsa ta gagare shi!

Ranar nan aka tashi su Auta da wuri. Ta ɗaga labule daidai lokacin da ubanta ya dira a katifa, a dunƙule, ido a runtse. Ihun da ta yi sai da maƙwabta suka fito. Ya ɗauke ta, ta ƙanƙame masa wuya tana kuka har shaƙuwa ta kama ta. A ransa ya ce shi ke nan, ya haƙura, aikin da zai riƙa firgita masa 'ya ba aiki ba ne.

Da ta lafa ya ce, "Auta, wasa nake. Sabon aikina ne, faɗuwar ƙarya ce."

"Ba ƙarya ba ce." Ta ja majina. "Haka ka yi ranar nan. Na yi ta kiranka, Baba, Baba, ka ƙi buɗe ido."

Keken ɗinki ya tsaya. Dogo bai taɓa sanin ta kira shi ba. Shi abin da ya sani, ya ga sama, sai ya farka a gadon asibiti. Ashe duk watannin nan da take riƙe masa wando, abin da ke cikin ɗan kanta ke nan. Tausayinta ya kama shi, ya yi ta shafa mata baya.

Can ya sauke ta, ya ce, "Je ki tsaya jikin ƙofa. Zan faɗi, amma ba zan daina kallonki ba. In na rufe ido, ki kai ƙarata wurin Mama."

Ta noƙe kafaɗa. Ya ce to daga durƙushe zai fara, ko kyanwa ta fi haka nisa da ƙasa. Da ƙyar ta je ta tsaya, ta cukuikuye labule a hannu. Ya durƙusa a katifa, ya kafa mata ido, ya kife a gefe. Idon ya so ya rufe, ya ji yana ja, amma ga yarinya tsaye tana jira, yaya zai yi ya sake barinta? Ya dira yana kallonta.

"Bai rufe ba," in ji Auta, a hankali, tana gaya wa uwarta.

Daga nan ta zama mai duba aiki. Kullum ta dawo makaranta, ko jaka ba ta ajiyewa sai ta ce a sauko da katifa. Daga durƙushe ya koma tsugune, daga tsugune ya miƙe tsaye, har ya kai ga takalmi da bokiti. Ita kuwa ba sani ba sabo. "Ka ƙifta." "Ban ƙifta ba." "Ka ƙifta kaɗan, sake." Ta daina ihu, ta daina cukuikuye labule. Dariya dai ba ta yi ba ko sau ɗaya, tsayawa take da fuskar manya tana lura, kuma wannan na damunsa fiye da yadda yake nunawa.

Ranar shagalin makaranta, zauren ya cika da yara zaune a ƙasa, malamai na jikin bango, mai makaranta na kan kujera a gaba da tabarau a karan hanci. Baba Tumatir ya shimfiɗa ɗan kafet mai kauri a tsakiya, inda aka shirya faɗuwar, ya koma bakin ƙofa ya harɗe hannu. Dogo ya shigo da hancin aro mai igiyar roba da ke cizon kunne. Ya yi gaisuwa hula ta faɗi, ya sunkuya ɗauka takalmi ya shure ta gaba, ya bi ta, ta sake gudu. Zaure ya ɗauka. Har mai makaranta sai da ta cire tabarau ta goge.

Ya ɗauko bokiti ya fara tangaɗi, yara na ihu suna kare kai. Kafet na can gaba, da saura. Abin da bai gani ba, wani yaro ya zubar da lemo a kan tayil. Ƙaton takalmin ya taka, ya tafi kamar an fizge shi, ƙafafu biyu suka tashi sama.

Wannan ba ta cikin shiri. Ya san ta, ya taɓa yin irinta. Hannuwa suka nemi kai, fatar ido ta fara sauka. A sahun gaba akwai wata yarinya mai wushiryar faɗuwar haƙori, baki buɗe, ta zuba masa ido. Ya riƙe idonta kamar yadda yake riƙe na mai tsayawa jikin ƙofa. Ya dira a kan ƙugun nan dai da ya karye, a kan tayil tsurarsa, zafi ya soke shi har ƙwaƙwalwa. Takardu suka zubo masa a ka.

Zauren ya yi shiru, ana jira. Yarinyar na kallonsa, shi ma yana kallonta. Sai ya ɗaga gira ɗaya. Ya juya a hankali ya dubi takalmin, ya nuna shi da yatsa, ya hau yi masa faɗa ba murya, kamar uban da ɗansa ya kunyata shi a gaban baƙi.

Mai wushirya ce ta fara fashewa, sauran suka bi, har wasu na birgima. Dogo ya yunƙura zai tashi, ƙugu ya ƙi. To, sai ya mai da shi wasa: ya miƙa hannu a taimake shi, yara suka yi caa suna ja, ya taso kaɗan ya koma, suka ƙara ja. Ya kama sandar goge-goge da ke jingine a bango ya dogara, ya yi mata godiya, ya ba ta hannu suka gaisa. Da ita ya ƙarasa wasan, yana ɗingishi yara na kwaikwayonsa a baya, gumin azaba na tsattsafowa ta ƙarƙashin hoda. Bai cire hanci ba sai da ya kai bayan zaure inda babu yaro ko ɗaya.

Nan Baba Tumatir ya same shi zaune a kan akwatin kaya.

"Ba wurin muka shirya ba."

"Ba wurin ba ne, Baba."

"Ta gaske ce."

"Ta gaske ce."

Tsohon ya tsuguna da ƙyar, gwiwoyi na ƙara, ya danna masa ƙugu nan da can yana kallon fuskarsa. "Daga nan asibiti Direba zai kai ka, ban son musu. Kuma ka ji, daga yau kai za ka fara taka fili da ƙafarka kafin ka fara wasa, lungu-lungu, ka sake dubawa in yara sun zauna. Wa ya ce maka ana yarda da tayil?" Yana faɗa yana laluben aljihu. Ya zaro nasa hancin, ja, mai laushi, wanda ya ɗan koɗe don daɗewa, ya danƙa masa a tafin hannu. "Wannan ba ya cizon kunne. Ka huta ka warke, akwai aiki na jiranka."

Dogo ya buɗe baki zai yi godiya, tsohon ya daka masa tsawa ya ce kar ya ɓata hoda da hawaye, tsada gare ta.

Likita ya ce babu karaya, buguwa ce, sai dai a huta. Da la'asar Direba ya sauke shi a ƙofar gida. Tun daga waje yake jin kukan keke, yana ɗaga labule keken ya tsaya.

"An ɗauke ni," ya ce.

Matarsa ta kifa goshi a kan keken, kafaɗunta na motsi, ba ka ce dariya take ko kuka ba. Auta kuwa ƙafarsa take kallo.

"Baba, ɗingishinka ya ƙaru."

Ya yi niyyar ya ce takalmi ne ya matse shi. Sai ya fasa, ya zauna a bakin gado ya ce, "Na faɗi, Auta. Ta gaske, ba ta wasa ba. Na ji zafi, amma likita ya ce ba abin da ya karye."

Ta daɗe tana dubansa. "Ka rufe ido?"

"Ban rufe ba."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

Ta ga jan abu na leƙowa daga aljihunsa, ta zaro, ta jujjuya shi, ta manna a ɗan hancinta, ya rufe mata rabin fuska. Katifar gwaji na nan a ƙasa ba a ɗauke ba. Kafin wani ya ankara ta haye kan gado, ta miƙe tsaye a baki, ta saki jiki ta tafi ta baya.

Gaban Dogo ya yanke ya faɗi. Ya zabura da hannu biyu, ƙugu ya soke shi, ihu ya taso masa har maƙogwaro. Abin da yarinyar nan ta daɗe tana ɗauke da shi, yau ya ɗanɗana. Ta dira a katifa tim, ƙafafu a sama. Ya duba, sai ga idanu biyu tar a saman jan hanci, a buɗe, suna kansa, suna jira.

Ya ɗaga mata gira ɗaya, ita ma ta ɗaga nata duka biyun don ba ta iya ɗaya ba. Dariya ta ƙwace masa, da hawaye da komai. Sai ga tata ta biyo, irin ta da, mai ƙyalƙyala har da shaƙewa. Ta mirgina ta tashi, ta gyara hanci, ta ce ya matsa gefe za ta sake.